Daren Da Sharafaddeen Ya Ɗauki Baba Sada Hoto

Duk wanda ya taɓa neman hoton fasfo da gaggawa a Kankiya ya san shagon Sharafaddeen, nan bakin titin Kano zuwa Katsina, tsakanin mai faci da mai sayar da katin waya. Kuma wanda ya san shi ba ya mantawa, domin mutumin kirki ne zai zauna a kan bencin, hoto ya fito da shi kamar wanda 'yan sanda ke nema. Wani malamin makaranta ya taɓa kai hotonsa wurin cike takarda, aka dube shi aka dubi hoton, aka ce ya koma ya turo mai hoton da kansa. In ka yi ƙorafi, Sharafaddeen amsa ɗaya gare shi: "Kyamara ba ta ƙarya, malam. Da fuskar da ka zo da ita na yi aiki."

Ana saura mako biyu Babbar Sallah ya je Kano ya dawo da wata baƙar kyamara ta gwanjo, mai nauyi kamar bulo. Allon bayanta a fashe yake, baƙi ƙirin, ba ka ganin abin da ka ɗauka sai an zare memori an sa a wani abu. Da aka yi masa magana ya ce, "Leƙe na 'yan koyo ne. Ƙwararre tun kafin ya danna ya riga ya ga hoton."

A cikin mota kan hanyar dawowa ya buɗe wani bidiyo a waya, na minti ashirin da biyu, inda wani mutum ke koya wa sababbin shiga yadda ake ɗaukar hoto cikin duhu. Ya kalli minti huɗu data ta ƙare. Amma a minti huɗun nan ya riƙe abu uku. A ɗora kyamara a kan mazauni mai ƙafa uku don kada ta motsa. A bar idonta a buɗe ya daɗe yana tara haske. Kada a danna da hannu, a sa mata agogo ta ɗauka da kanta. Kafin motar ta iso Tsanyawa ya gama zama gwani. Washegari ya sa aka goge allon shagonsa aka rubuta: SARKIN HOTON DARE, KANKIYA DA KEWAYE.

Matarsa Fiddausi ta ga allon, ta tsaya da kwandon cefane a hannu.

"Baban Rauda, hoton dare nawa ka taɓa ɗauka?"

"Ko ɗaya. Shi ya sa ban taɓa ɓata ko ɗaya ba."

"To sauran minti goma sha takwas na bidiyon da ka ba ni labari fa? Mi mutumin ya ce a ciki?"

"Godiya ce da gaishe-gaishe. Ai haka suke yi."

Fiddausi 'yar Kusada ce, jikar Baba Sada, wani tsohon manomi mai shekara tamanin da bakwai wanda tun da yake bai taɓa yarda an ɗauke shi hoton gida ba. Na katin zaɓe ma sai da aka yi kwana uku ana lallashi, aka samu ya zauna yana hararar ma'aikacin. Bana ya yi jinya mai tsanani cikin azumi, har aka fara kiran na nesa, sai Allah Ya tashi kafaɗunsa. Babbar 'yarsa, Gwaggo Hawwa'u, ta zauna gabansa ta yi ta kuka har ya gaji ya ce, "Na ji. Sau guda. Washegarin sallah, bayan la'asar. Wanda bai zo ba shi ya sani."

Nan take Gwaggo ta kama waya. Ƙaninta Baffa Abdurrahim, direban tanka, ya nemi hutun kwana biyu daga Legas. Danginsu 'yan Maraɗi suka ɗauko mota guda. Aka ƙirga 'ya'ya da jikoki da tattaɓa-kunne, mutum arba'in da bakwai, waɗanda ba su taɓa haɗuwa wuri ɗaya ba tun rasuwar matar tsohon. Da aka zo maganar mai hoto, Gwaggo ta ce ga suruki a gida, mi za a je nema waje.

Da labari ya iso Kankiya, Fiddausi ba ta ɓata lokaci ba. Ta ce wa mijinta, "Don girman Allah, la'asar aka ce. Rana tsaye, haske ko'ina. Ka je ka danna ka dawo da mutuncinka."

"La'asar ko yaron da ya ari wayar uwarsa ya iya," in ji shi. "Amma na ji."

Bai ji ba. Wurin Gajere mai walda ya nufa. Gajere dogo ne har sai ya sunkuya yake shiga shagonsa, mutum ne kuma da bai taɓa cewa bai iya wani aiki ba. Sharafaddeen ya zana masa ƙafa uku a ƙasa da tsinke.

"Murhu kake so?"

"Mazaunin kyamara. Irin na turawa. Kada ya motsa ko guguwa aka yi."

Gajere ya samo rodi mai kauri na ginin bene, ya haɗa da wuyan tsohuwar fanka, ya ƙona su wuri ɗaya. Abin ya fito ya kai kafaɗar mutum, ba ya naɗewa, sai mutum biyu ke ɗaga shi, ƙafa ɗaya kuma ta gaza sauran da kamar ɗan yatsa.

"Wannan ta fi gajarta," in ji Sharafaddeen.

"Ƙasar shagon ce ba daidai ba. A Kusada za ta zauna."

Ranar hoto Fiddausi tana Kusada tun safe da 'yarta. An yi ruwan farko mai ƙarfi da daddare, gari ya yi luf, ƙasa ta jiƙe. Tun azahar aka share ƙofar gida, aka jera tabarmi da benci, aka fito da kujerar Baba. Mata suka sha lalle da atamfa, yara aka hana su taɓa nama don kada su ɓata kaya. Ana sallame la'asar Baba Sada ya fito cikin farar babbar riga da rawani, ya zauna.

Ba mai hoto.

Fiddausi ta kira. Ya ce taya ta yi faci. Bayan rabin awa ta sake kira, ya ce ɗaya tayar ce. Can wani ɗan acaɓa da ya sauke fasinja a unguwar ya ji ana cigiya, ya ce, "Mai hoton Kankiya? Ai na baro su gindin wata tsamiya bakin hanya, shi da wani dogo da wani ƙarfe kamar tarkon kura. Suna cin gyaɗa. Na tambaye su ko lafiya, ya ce rana suke jira ta faɗi."

Gwaggo Hawwa'u ta juyo ta dubi Fiddausi. Fiddausi ta dubi ƙasa.

Ana kiran magariba babur ya shigo layin. Gajere na tuƙi, Sharafaddeen a baya ya rungume ƙarfen, ƙafafunsa uku sun yi sama. A kwanar ƙarshe ƙafa ɗaya ta ɗauko igiyar shanyar maƙwabta da zannuwa biyu, suka iso da su suna kaɗawa.

Tsakanin kaka da mijin jika akwai wasa, Baba Sada kuwa ba ya barin nasa ya kwana.

"Ɓarawon mata, ka iso? Na ɗauka sai ka ji an yi sadakar ukuna."

"Tsoho, gata na yi maka. Rana tana tona tsufa. Dare kuwa rufin asiri ne, in na gama da kai sai an sake kawo maka amarya."

"Wadda ka sace mani ma ba ka iya riƙe ta ba, dubi wuyanta. Wanga ƙarhe fa? Rataye ni za ku yi?"

Gwaggo ba ta cikin masu dariya. Ta matso ta rage murya. "Sharafaddeen, Abdurrahim da asuba zai kama hanya. 'Yan Maraɗi ma haka. Tsohon nan awa uku yana zaune. In akwai abin da ba ka iya ba, faɗi yanzu, ga wayoyi nan a hannun yara."

"Gwaggo, waya?" Ya dafe ƙirji. "A gabana? Ku dai yi isha'i ku fito. Gobe da hantsi kuma kowa ya zo gidan kallon Ɗanmaliki, a babbar talabijin zan nuna. Duk unguwa na gayyata."

Bayan isha'i aka sake jeruwa, wannan karon da 'yan kallo, don labari ya zaga cewa za a ɗauki hoto babu haske. Akwai ƙwan sola mai kyau a saman ƙofar gidan, yana haska fuskar kowa tas. Abin da Sharafaddeen ya fara yi shi ne ya sa a kashe shi.

"Don mi?" in ji Baffa Abdurrahim.

"Yana gasa da kyamara, Baffa."

Aka kashe. Duhu ya rufe, hadari ya tare wata, ba ka ganin tafin hannunka. Muryar Sharafaddeen ta fito daga wani wuri.

"Jama'a, idon kyamara zai buɗe daƙiƙa talatin. Cikin daƙiƙa talatin ɗin nan ba motsi, ba tari, ba ƙifta ido. Wanda zai iya ɗauke numfashi ya ɗauke."

"Jarirai huɗu ke gare mu," in ji wata mata.

"A yi masu bayani."

Ya danna. Daƙiƙa biyar ba a yi ba wani jariri ya tsala ihu, sauran ukun suka amsa masa. Sauro ya samu mutum arba'in da bakwai tsaye cik, ya fara aiki, ka ji tas, tas, ta kowane ɓangare. A nan gaba kuma doguwar ƙafar mazaunin tana nutsewa cikin jiƙaƙƙiyar ƙasa a hankali, kyamara tana sunkuyawa kamar mai gaisuwa. Gajere ne ya lura, ya sa gwiwa ya tare.

"Ya yi kyau," in ji Sharafaddeen. "Amma za mu ƙara, don tsaro."

Aka samo fasasshen bulo aka tokare ƙafafun. Sai ya tuna da maganar agogo, ya kuma tuna shi ma ɗan gida ne, bai kamata a yi hoton tarihi ba shi ba. Ya murɗa wani maɓalli da ya ji an ce yana ƙara wa kyamara gani, ya kai shi ƙarshe. Ya sa agogo daƙiƙa goma.

"A bar mani wuri kusa da Tsoho!"

Ya danna ya zuba da gudu cikin duhu. Abin da bai sani ba, wata jika ta ajiye roba cike da soyayyen nama a gefen tabarma, don a raba wa 'yan kallo. Ƙafar dama ta shiga robar, ta hagu ta taka mai. Aka ji wani dogon "Wayyo!", sannan aka ji tim, sannan aka ji muryar Baba Sada a natse.

"Wane ne wanga ya kama mani ƙafa?"

"Ni ne, Tsoho. Kada ka motsa, tana ɗauka."

Haka ya kwanta rub da ciki daƙiƙa talatin, haƙarƙarin rago a ƙarƙashin haɓarsa, kyanwoyin unguwa suna tsallake shi. 'Yan kallo da aka ce kada su yi motsi suka riƙe ciki, wasu suka zauna a ƙasa.

Da ya tashi, Fiddausi ta lallaɓo ta kama hannun rigarsa. "Baban Rauda, a kunna ƙwan nan. Kowa ya matso ƙarƙashinsa, ka ɗauka farat ɗaya. Mutane ba gini ba ne, ba su iya tsayuwa haka."

"Ke kika kalli bidiyon ko ni?"

"Minti huɗu."

"Rage murya."

Amma maganar haske ta shige shi. Sai dai ƙwan sola ya yi masa ƙanƙanta. Ya tura aka kira 'yan acaɓa shida daga bakin kasuwa, ya jera su kamar masu tsere, ya ce kowa ya kunna babbar fitila ya riƙe totur. Haske ya daki fuskokin mutane, kowa ya runtse ido, hayaƙi ya turnuƙe. Baba Sada ya ja rawani ya rufe hanci.

"Murmushi, jama'a! Daƙiƙa talatin!"

Wanda ya girma a ƙauye ya san abin da ke fitowa daren da ya biyo ruwan farko. Shinge ne, garar nan mai fiffike da ake soyawa. Da ƙwan sola ɗaya ne da kaɗan za su zo. Fitila shida kuwa sai da ta kira na Kusada duka, har da na gonakin bayan gari. Suka taso kamar hayaƙi, suka shiga ɗankwali, suka shiga wuyan riga, suka shiga bakin duk wanda ya bi umarnin murmushi. Wani yaro ya yi ihu, "Shinge!" Shi ke nan. Yara ashirin da aka hana nama tun azahar suka watse daga layi, kowa ya ruga neman kwano. Matan Maraɗi, da suka ce rabonsu da shinge mai kyau an daɗe, suka tuɓe gyale suka shiga tara. Baffa Abdurrahim yana tsalle yana zazzage babbar riga. Ɗaya daga cikin 'yan acaɓan ya saki kuloci garin kaɗe ido, babur ya yi gaba ya shige cikin benci.

"Ku tsaya! Tana ɗauka! Tana ɗauka!"

"Ta ɗauki uwar..." Gwaggo Hawwa'u ta tuna surukinta ne, ta haɗiye sauran tare da shinge guda.

Sai da aka kashe fitilu, aka sallami 'yan acaɓa, aka kwashe kusan rabin awa ana tattara yara. Gwaggo ta ce saura sau ɗaya, in ya wuce haka ita da kanta za ta jefa kyamarar rijiya.

"Yanzu ne ma za a yi na gaske," in ji Sharafaddeen. Ya zaro tocila daga aljihu. Wannan bai ji ta a bidiyo ba, a hoton da ke bangon bidiyon ya ga mutum riƙe da tocila, ya ƙarasa sauran da kansa. "Zan buɗe idonta minti biyu. Zan bi ku ɗaya bayan ɗaya in shafa wa kowa haske a fuska. Fenti da haske ke nan."

Ya danna, ya bi layi yana dalle mutane. Duk wanda haske ya doka sai ya kau da kai. Gwaggo tana faɗa bakinta bai tsaya ba. Da ya zo kan Baba Sada ya daɗe yana shafawa, yana yabo.

"Kun ga Tsoho? Ko gezau. Ku yi koyi da shi."

Sai aka ji minshari.

Kafin minti biyun su cika, shakka ta kama shi: anya ya cire murfin idon kyamarar? Ya koma da sauri, ya durƙusa gabanta, ya kai fuska dab da gilashin, ya haska tocila daga ƙasan haɓa yana leƙawa, baki buɗe. A cire yake. Kyamara ta yi ƙyas ta rufe.

Daidai nan walƙiya ta haska gabas, iska ta taso, aka fara yayyafi mai kauri. Aka tashi Baba aka shige da shi. Gajere ya dubi sama, ya dubi aikin hannunsa, ya ja da baya.

"Sharafaddeen, rodi fa yana kiran tsawa."

Maganar ta shiga kunnen kowa. Sharafaddeen ya cusa kyamara cikin riga, ya kinkimo ƙarfen shi kaɗai da ƙyar ya nufi zaure. Maza suka tare ƙofa.

"Ba da wannan ba!"

Ya nufi rumfar maƙwabci, aka kore shi da tsintsiya. Ya nufi barandar masallaci, ladan ya fito ya nuna masa hanya. Duk inda ya juya mutane na darewa suna salati. Daga ƙarshe ya yar da shi tsakiyar layi, ya dawo jiƙe sharkaf, man nama da laka har gira. Ya tsaya bakin zaure yana ɗiga, ya ce, "Alhamdu lillahi. Aiki ya yi kyau."

Da asuba Baffa Abdurrahim ya kama hanyar Legas, ya bar saƙo a tura masa hoton ta waya. 'Yan Maraɗi suka bi bayansa da shingensu a leda. Da hantsi gidan kallon ƙwallon Ɗanmaliki ya cika har waje, kamar ranar wasan ƙarshe. Aka kawo wa Baba Sada kujera gaba. Gwaggo da mata suka tsaya ta taga. Sharafaddeen ya zo da aron riga, ya tsaya gefen talabijin da sanda a hannu irin ta malamin makaranta. Ɗanmaliki ya sa memori.

Hoto na farko ya fito baƙi, da wasu jajayen zare-zare sun karkace zuwa ƙasa.

"Ɗanmaliki, kunna talabijin ɗin mana," in ji wani.

"A kunne take."

"Wannan gwaji ne," in ji Sharafaddeen. "Wuce."

Na biyu ya fito da ɗigo-ɗigo ko'ina kamar an watsa tsakin dawa a faranti. A tsakiya akwai wani dogon farin abu da ya taso daga gaba, ya lanƙwasa, ya ƙare a ƙasa.

"Wannan fa?"

"Tauraro mai wutsiya," in ji shi. "Ba kowa ke samunsa ba."

"Tauraron da ya ɓarar mana da nama," in ji wata murya ta taga.

Na uku fari ne fat, kamar an kifar da ƙwaryar nono, sai wasu dubban ƙananan layuka. Ɗanmaliki ya matsa kusa ya ƙura ido ya ce yana jin ya ga kunnen mutum a kusurwa, amma ba zai rantse ba.

Dariya ta fara yin ƙasa, domin kowa ya san saura ɗaya. Gwaggo Hawwa'u ta bar taga ta shigo har ciki, maza suka ba ta hanya.

Na huɗu ya fito, kuma wannan akwai mutane a ciki, in za a kira su mutane. Baffa Abdurrahim kai biyu gare shi, kowanne na kallon wani gari. Wata jika ana hango bangon gida ta cikin ƙirjinta. Yara sun zama hayaƙi mai idanu. Gwaggo Hawwa'u baki uku gare ta, duka a buɗe. Can tsakiya, shi kaɗai ya fito tas har ana ƙirga gashin gemunsa, ga Baba Sada, kai ya faɗa baya, rawani ya zame, baki a wangale, shinge ɗaya zaune kan hancinsa. Rabin hoton na dama kuwa wata ƙatuwar fuska ce ta cinye shi, haske na dukanta daga ƙasa, ƙofofin hanci kamar bakin rijiya biyu, ido ɗaya ya fi ɗaya, haƙora a waje.

Wani yaro da ke kan cinyar ubansa ya ƙwalla ƙara ya ɓoye kai. Wata tsohuwa ta ce, "A'uzu billahi, da mu aka yi hoton ko da su?" Sai wani ya gane hular. "Wallahi mai hoton ne!" Gidan kallo ya fashe. Gajere ya fita waje ya dafa bango. Ɗanmaliki ya kwanta kan benci yana dukan katako.

Gwaggo ba ta yi dariya ba. Ta daɗe tana duban allon, idonta ya kawo ruwa.

"Shekara goma sha ɗaya ina neman in tara su," ta ce. "Abdurrahim yanzu ya wuce Zariya. Allah kaɗai Ya san ranar da za a sake haɗuwa, da wa da wa za a haɗu. Awa uku tsohon nan na zaune cikin rana mai kyau, kai kana gindin tsamiya kana cin gyaɗa."

Fiddausi ta ja gyale ta rufe fuska. Sharafaddeen ya sauke sandar da ke hannunsa. Can ya ce, a hankali, "Gwaggo, talabijin ɗin ce ba ta da..."

"Kai!" in ji Ɗanmaliki. "Kada ka sa talabijin ɗina."

Baba Sada ya ɗaga sandarsa, aka yi shiru. Ya sa aka matso da kujerarsa dab da allo. Ya dubi kansa yana barci, ya dubi 'ya'yansa masu kai bibbiyu, ya daɗe kan ƙatuwar fuskar.

"Hawwa'u, share hawayenki. Shekara tamanin da bakwai ina ce maku abin ga ba alheri ba ne, kun ce tsufa ne. To ga shi kun gani da idonku." Ya juya. "Ɓarawon mata."

"Na'am, Tsoho."

"Ana iya wanke wanga ya yi girma? Kamar faifai, ko ya fi?"

Sharafaddeen ya ɗan miƙe, ƙirji ya fara dawowa. "Har kamar ƙofa, Tsoho. Na san kai za ka gane aikin. A ɗaki za a rataye ko a zaure?"

"Ba duka ba. Yanke mu, ka bar wajen fuskarka kaɗai. Guda huɗu nike so."

"Huɗu?"

"Gonata ta fadama kusurwa huɗu gare ta. Bara tsuntsaye rabin dawar suka cinye."

Gwaggo Hawwa'u, da hawayen a fuskarta, sai da ta dafa kafaɗar wata ta sunkuya. Dariyar da aka yi har masu awo a bakin kasuwa suka aiko a ji ko lafiya.

Tsohon bai sake zama gaban kyamara ba. Ya ce sau guda ya yi alkawari, kuma ya cika. Amma maganar gona ba wasa yake ba. Da dawa ta fara fitar da kai ya aika Kankiya, Fiddausi da kanta ta kai memorin aka wanke guda huɗu, aka sa su a leda saboda ruwa, aka kafa kan sanduna. Masu wucewa ta hanyar fadama sukan tsaya su nuna wa baƙi. Wata mata mai tallar nono ta canza hanya gaba ɗaya.

Da kaka ta yi, Gajere ya dawo daga Kusada ya tsaya shagon hoto, ya ce dawar Baba bana ko zangarniya ɗaya tsuntsu bai taɓa ba, har maƙwabtan gona biyu suna tambaya ko za a samu.

Sharafaddeen ya gyara hula, ya dubi mutanen da ke zaune kan benci suna jiran fasfo.

"Kun ji ko? Har oda ake yi."